Teburin Kusa da Ƙofar Bayi

Shekara huɗu Yaya bai yi mini magana ba. Ranar da mahaifiyarmu ta cika ina wajen gasar ces, wato darar Turawa, wayata a kashe kamar yadda doka ta ce. Da na kunna, na tarar da kiransa goma sha ɗaya. Tun daga ranar ko gaisuwata ba ya amsawa.

Sai ga shi a zagayen ƙarshe na gasar bana an haɗa ni da shi. Teburinmu na can ƙurya kusa da ƙofar bayi, inda ake tura waɗanda suka sha kashi. Babu kofin da ke jiranmu. Ni dai abin da na sani, muddin ba a gama wasan ba, dole ya zauna a gabana.

Ya miƙo hannu mu gaisa don dokar wasa ce. Hannun nan na mai walda, duk tabon ƙuna, shi ya fara nuna mini yadda doki ke tafiya a kan allon ces.

Kafin awa guda na cinye masa sarauniya. Wutar walda ta ci idon Yaya, ba ya gani kamar da. Taku uku ya rage in kashe wasan, amma ina kashewa zai tashi. Sai na shiga yawo da doki, in je in dawo. 'Yan kallo biyu suka yi tsaki suka wuce. Na bar masa soja, na bar masa wani. Na miƙa masa tawa sarauniyar da gangan, ko zai ɗago ya ce mini sakarai yadda ya saba. Wallahi zagin ma ya ishe ni.

Ya ɗauke ta, bai ɗago ba.

A kan allo ba a magana sai mai neman a tashi ba ci. Ya daɗe yana kallon 'yan sojojin da suka rage, sannan ya yi gyaran murya. 

"Canjaras?" ya ce.

Ina da damar in ƙi, in ƙara riƙe shi rabin awa. Amma tun kiran nan goma sha ɗaya bai sake neman komai a wurina ba. Wannan ma in ƙi amsawa?

"To, Yaya."

Ya tsayar da agogon wasan, ya sa hannu a takardar sakamako, ya tura kujerarsa ƙarƙashin tebur ya fita. Agogona da sauran minti arba'in.