Uwar Maƙera a Cikin Masaki

A shekarar da mahara suka riƙa saukowa daga duwatsu suna ƙona ƙauyukan ƙasar Gwaram, akwai wani maƙeri a Sara mai suna Maikano. Ran nan da hantsi sai ga hayaƙi ya turnuƙe ta kudu, mata na ihu, awaki na tsalle. Matarsa Turai ta suri 'yarsu Kubra da wani ƙaton ƙunshin audugar da take kaɗi. Shi kuwa Maikano bai ɗauki komai ba sai uwar maƙera, dunƙulen ƙarfen nan da ake ɗora jan ƙarfe a kai a buga. Daga kakansa ta zo. A gidansu an ce maƙerin da ya gudu ya bar uwar maƙerarsa, wuta ba za ta sake yi masa biyayya ba. Ya naɗe ta da tsumma, suka nufi Birnin Kudu, inda akwai ganuwa.

Tsakaninsu da tsira akwai kogi, ga shi tsakiyar damina, ya cika ya batse, ja wur, yana tafe da rassan itace. A bakinsa suka tarar da Datti mai fito, wani tsamurarren tsoho mai haƙora uku. Ba shi da kwalekwale. Masaki gare shi, ƙatuwar ƙwarya da yaro zai zauna a ciki, shi kuma ya hau gora ya riƙa tura ta. Babba sai dai ya kama bakin masakin ya bi da ƙafa.

Datti ya fara haye da Turai. Da ya dawo yana haki ya ce, "Maƙeri, sa yarinya. Kaya kuwa kaɗan, masakina ba jaki ba ne."

Maikano ya dubi ƙunshin auduga, ya kai rabin mutum. Ya dubi ƙunshinsa, bai wuce kan jariri ba. Ya yi jifa da audugar cikin ciyawa, ya ji a ransa ya rage kaya mai yawa. Ya zaunar da Kubra, ya cusa ƙaramin ƙunshin tsakanin ƙafafunta.

"Mene ne wannan?" in ji Datti.

"Ɗan guzuri ne, Baba."

A bayansu aka ji haniniyar doki. Datti bai ƙara tambaya ba, suka faɗa ruwa.

Tun kafin ƙafar Maikano ta bar ƙasa ya ga akwai matsala. Masakin ya nutse, saura kamar yatsa biyu ruwa ya kai baki. Kubra ta ƙanƙame gefe, idanunta waje. Datti yana tura masakin, masakin na yi masa taurin kai, ruwa na jan su ƙasa wajen wasu duwatsu da ke tafasa da kumfa.

"Kai maƙeri!" Datti ya yi tsawa. "Wannan 'yar da ba ta fi ɗan akuya ba, ita ce ta danne mini masaki haka? Guzurin nan naka da guduma ake cinsa?"

"Ƙarami ne, wallahi! Ai na zubar da babban!"

"Ka zubar da iska, ka ɗauko dutse! Ruwa ba ya duban girman kaya, nauyi yake ji. Masakin nan, nauyin ruwan da zai cika shi, shi kaɗai yake iya ɗauka. Ka ƙara ko kaɗan, ya tafi ƙasa da abin da ke ciki."

Wata igiyar ruwa ta mari gefen masakin, ta tsallaka ciki. Kubra ta ƙwala ƙara. Ruwan da ya shiga ya ƙara masa nauyi, bakin ya sake yin ƙasa. Yanzu saura yatsa ɗaya.

"Baba, sanyi! Baba!" in ji Kubra.

Maikano ya san nauyin uwar maƙerar nan fiye da kowa. Shi da yake ɗaga ta kullum, shi da ya san yadda buhun gawayi yake tashi da hannu ɗaya amma ita sai da biyu. Tsoro ne ya rufe masa ido a gaɓa, har ya auna kaya da kallo kamar wanda bai taɓa riƙe ƙarfe ba. Ya tuna hannun mahaifinsa a kanta. Ya hangi Turai a wancan ƙetaren, ta shiga ruwa har gwiwa, hannuwa a ka.

"In ka jingina da bakin, kun kife," in ji Datti, muryarsa ta yi ƙasa. "Bari in danne nan. Ka ɗaga ƙarfen a hankali."

Maikano ya zura hannu tsakanin ƙafafun 'yarsa. Da ya ɗago ƙarfen, nauyin ya koma kansa, ruwa ya rufe masa kai. Duhu ja, ƙara a kunne, uwar maƙera na jan shi ƙasa kamar mai cewa mu tafi tare. Ya buɗe yatsunsa.

Da ya ɓullo yana tari, sai ya ga masakin ya taso, ya yi sama da kusan tafin hannu, yana rawa a kan ruwa. Datti ya tura shi sau ɗaya, ya tafi kamar ganye. Suka goge gefen dutsen da ƙyar, suka wuce.

A gaɓa Turai ta fizge Kubra ta rungume, tana lalube ta ko'ina. Can ta dubi hannun mijinta, ta ga wayam. A ƙetaren da suka baro, mahaya biyu sun tsaya suna kallon ruwa, ɗaya yana tsokanar ƙunshin auduga da mashi.

Maikano ya zauna a laka yana kallon hannunsa.

Datti ya juye ruwan masaki ya ce, "Daina kallon hannunka. Kogin nan da rani yaro ma taka shi yake. Da audugarka ce, da ruwa ya kai ta Barno. Waccan kuwa, inda ta faɗi nan za ta kwana."

Maikano ya ɗaga kai, ya nemi dutsen da suka goge, ya daidaita shi da wata tsamiya da ke bayansa, ya kafe su da ido har suka zauna masa a ka. Sannan ya tashi ya goya 'yarsa, suka kama hanyar birni.