Kalmar da Ta Ƙare da "Ish"

A aji huɗu na bar firamare, amma Turancin zagi ban manta shi ba. Foolish, rubbish, selfish. Duk kalmar da malaminmu ya ƙarasa da "ish", bulala ce ke biyo bayanta.

Hamida, ɗiyar yayata, ta kai ƙuli-ƙulina Abuja wurin wata mai babban shago da ta yi zaman Ingila. In ya yi mata, za ta riƙa ɗauka duk wata. In bai yi ba, in ci gaba da tallar bakin kasuwar Ƙaura da wannan gwiwar tawa mai ciwo. Ranar Laraba da hantsi Hamida ta turo mini saƙon matar: "It is very moreish."

Da na ga "ish" a ƙarshen kalmar sai na tsorata. Na kira Hamida, waya a kashe. Tsoro ya koma haushi. Ni Barakatu, shekara ashirin ina matsar gyaɗa, wata ta zauna cikin sanyin shago ta zage ni?

Na yafa mayafi na hau keke napep zuwa Foli, kwalejin fasaha ta garinmu, inda Malam Muhtari, mijin ƙanwata, yake koyar da Turanci. Na miƙa masa wayar.

"Malam, karanta min. In zagi na, ka rubuta min wanda ya fi shi."

Ya karanta, ya tuntsire da dariya har da riƙe ciki.

"Mi ab abin dariya?"

"Yaya, kin san 'more'?"

"Ƙari."

"To, shi anka liƙa ma wutsiya. Tsohuwar maganar mutanen Ingila ta. Abincin da in ka ci guda sai hannunka ya koma, shi suka ce ma haka. Wutsiyar ba ta da laifi, da kowa takan zauna."

"Wato ba ta zage ni ba?"

"Santi matar nan taka yi, Yaya."

Na zauna a kujerarsa ban jira an ce bismilla ba. Wallahi daɗin da na ji har hawaye ya kawo mini. Ina share ido wayar ta yi ƙara, Hamida ce.

"Inna, matar ta cinye na gwajin ita kaɗai. Ta ce buhu nawa za ki iya kafin Juma'a?"