Dutse Goma Sha Shida

Tun da na auri Wilfred nauyinsa dutse goma sha shida ne. Haka muke faɗin nauyin mutum a ƙauyenmu, laba goma sha huɗu dutse guda. Duk shekara ranar bikin girbi mazanmu na jan igiya da na ƙetaren rafi, kuma sai kowa ya hau sikelin dankali a gaban jama'a. Wanda ya fi nauyi shi ke ɗaura ƙarshen igiya a ƙugunsa. Ba a taɓa karɓe wa Wilfred wannan wuri ba.

Shekarar da ciwo ya shiga cikinsa, ya hana ni gaya wa kowa. Ya rame har sai da na rage masa wando. Da bikin ya matso, ya ce in ɗinke masa duwatsun awo na tagulla a cikin kwat ɗinsa, masu laba bakwai guda biyu da nake auna fulawa da su. Na ce ba za su cike gurbin ba. Ya ce in dai ɗinka. Na ɗinka.

Tsoho Cyril ke riƙe da sikelin. Da Wilfred ya taho, Horace mahauci ya tsokane shi.

"Ga buhun gawayi nan. Cyril, riƙe sikelinka da kyau, kada ya karya maka."

Aka yi dariya. Wilfred ya ɗaga ƙafa zai hau, sai ɗinkina ya ɓalle. Ɗaya daga cikin duwatsun ya faɗo, ya gangara a kan daɓe har gaban matar fasto. Kowa ya san dutsena ne, don rabin matan wurin sun taɓa aronsa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Wilfred kuwa ya tsaya a kan sikelin yana kallon takalmansa, kwat ɗin ya karkace gefe guda.

Cyril bai ko dubi awon ba.

"Dutse sha shida, kamar kullum," in ji shi. "Sauka, Wilf, kana tare wa mutane hanya."

Suka ɗaura masa igiya. ’Yan ƙetare suka janye mazanmu kamar buhun ƙaiƙayi, amma ba wanda ya tsokane shi. A hanyar gida Wilfred ya ce da ma dariya suka yi masa, da ya fi sauƙi. Bai sake fita cikin mutane ba.

Kafin ƙarshen hunturu ya rasu. Abokan igiyarsa su shida suka ɗauki akwatin. Ni na yi jinyarsa, na san abin da ya rage a ciki, mutum biyu ma sun isa. Amma suka sunkuya, suna tafiya a hankali, Horace har da nishi.

A ƙofar coci ya ce mini, "Maigidanki akwai nauyi, Edna."

Na kasa ɗaga ido in dube shi. Dutsen da ya faɗo yana nan a kicin da ɗan lotsawarsa. Ban sake auna komai da shi ba.