Ƙauyen da Aka Bar Bashira

Tun bayan rasuwar mijinta Inno ta fara zancen kudu. Ɗanta Muntaka, direba a gidan wani attajiri mai suna Hamad a unguwar Safa, yakan dawo gidansu a unguwar Madain Fahd, cikin birnin bakin teku da ke kusa da Makka, da yamma ya tarar da ita zaune bakin taga, ta ce masa, "Kai dai har yanzu ba ka samu hutun ba?"

Labarin kowa a gidan ya san shi. Inno tana yarinya suka haye teku daga Sudan a jirgin katako, ita da iyayenta da ƙanwarta Bashira. An sauke su can kudu, suka tako da ƙafa za su Makka. Zafin bakin teku ya sa ayarinsu ya hau kan duwatsu, a can agana ta kama Bashira. Ayari ba ya jiran mara lafiya. Babansu ya bar ta wurin wata mata a wani ƙauye na gidajen dutse, da niyyar ya dawo bayan aikin hajji. A Mina ya rasu. Uwarsu ba ta da takarda, ba ta da guzuri, har ta bar duniya ba ta koma ba.

A kakar 1993 Hamad ya tafi Misira da iyalinsa. Yana da wata tsohuwar mota mai ɗaki a ciki, da gado da murhu da tankin ruwa, wadda suke kira karafan. Da ya ji inda Muntaka ke son kai mahaifiyarsa, sai ya miƙa masa makulli ya ce, "Halas, shi ke nan, ɗauka. Tana lalacewa ne a ajiye."

Suka tashi da hantsi, Muntaka a gaba, matarsa Zaituna kusa da shi, Inno a baya kan benci, ta jingina da taga. Sun hau dutsen Hada motar tana nishi, birai suna zaune gefen titi suna kallonsu. A Ɗa'ifa lokacin rumman ne. Zaituna ta sayi kwali guda, ta ɓare ɗaya ta miƙa wa surukarta. Inno ta raba shi biyu, ta ci rabi, ta ajiye rabin a gefenta kan bencin.

Daga Ɗa'ifa hanya ta miƙe kudu cikin tudu mai faɗi, ba komai sai baƙaƙen duwatsu da ƙaya da raƙuma jefi-jefi. Iska tana da sanyi ko da rana tsaka. Can sai Inno ta ce, "Rage gudu mana. Ƙaramar ba ta son jijjiga."

Zaituna ta waiwaya. Ta ga tsohuwar ta cire mayafinta na biyu tana shimfiɗa shi a kan bencin, inda babu kowa.

"Inno, wa kike rufewa?"

"Sanyi take ji," in ji Inno, ba ta ko ɗago ba.

Da suka tsaya sallar azahar a gindin wata bishiyar ƙaya, Zaituna ta ja mijinta gefe, ta kira shi da sunan 'yarsu yadda ta saba. "Abu Rabi, ni fa na ji tari a bayan motar nan. Tarin yaro."

"Famfon ruwa ne. Haka yake yi in tanki ya yi ƙasa."

"Ka ji shi ke nan."

Muntaka ya juya ya nufi motar. Ya buɗe gaban mota ya daɗe yana duba abin da bai lalace ba.

Abin da Inno ta riƙe na ƙauyen kaɗan ne: doguwar hasumiya ta dutse mai fararen duwatsu jere a samanta, da rijiya a ƙasan kwari. Da suka matso ƙasar Baha sai suka tarar kowane tudu da irin hasumiyarsa. Sun yi kwanaki suna sauka daga titi suna bin hanyoyin tsakuwa. Inno takan leƙa ta ce, "Ba nan ba ne," su juya. Yawancin ƙauyukan an watse, mutane sun koma gidajen siminti a bakin kwalta, sun bar ƙofofin katako a buɗe.

Wata safiya gajimare ya sauko har kan hanya, Muntaka bai ganin abin da ya wuce tsawon motar. Yana tafiya a hankali sai ya hangi yarinya tsaye a gefe, baƙa, siririya, ba takalmi, tana kallon motar. Ya taka birki. Kafin ya sauke gilashi babu ta. Ya fito ya duba, gangare ne kawai da duwatsu masu laima, sai wata 'yar hanya da ta ratse dama.

"Ka ga wani abu ne?" Zaituna ta tambaya.

"Akuya ce, ina jin."

Daga kan benci a baya Inno ta ce, "Bi nan."

Hanyar ta kai su wani ƙauye da rabinsa ya rushe. Inno ta sauko da kanta ba ta jira an riƙe ta ba. Ta wuce hasumiyar, ta tsaya gaban wani ɗaki mara rufi, ta dafa dutsen ƙofar.

Mutum ɗaya suka samu a wurin, wani tsoho mai kiwon zuma, yana gyara amyoyinsa a jikin bango. Ya amsa sallamarsu, ya kawo gahawa. Muntaka ya yi masa bayani da Larabci. Tsohon ya daɗe yana kallon fuskar Inno kafin ya yi magana.

"Yaya kuke nema," in ji shi.

Muntaka ya ce, "Sunanta Bashira."

"Mu dai Yaya muka san ta da shi. Ni ina saurayi lokacin. Da mutanenta suka tafi, ba abin da take faɗa sai wannan kalma, Yaya, Yaya, tana kuka tana nuna hanya. Muka ɗauka sunanta ke nan."

Zaituna ta rufe bakinta da gyale. Inno ta ajiye ƙaramin kofin a ƙasa a hankali.

"Ni take kira," ta ce da Hausa. Sannan ta maimaita wa tsohon da Larabci, ta ce a harshensu haka ƙarami ke kiran babba.

Tsohon ya sunkuyar da kai ya yi salati. Ya ce yarinyar ta warke, sai dai zanen agana a fuska. Matar da aka bar wa ita ta raine ta kamar 'yarta, ta aurar da ita ga wani makiyayi. Ta manta harshenku gaba ɗaya, in ji shi. Amma duk lokacin da aka ce baƙaƙen matafiya za su wuce da ƙafa, sai ta bar abin da take yi ta sauka bakin hanya, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana duba fuskokinsu. Ko bayan da motoci suka zo, aka daina tafiyar ƙafa, ba ta daina sauka ba.

"Tana ina yanzu, ya ammi?" Muntaka ya tambaya, yana kiransa baffa da Larabci, ko da yake ya riga ya gane.

"Allah ya ji ƙanta. Ba a daɗe sosai ba, shekarar da aka kawo wuta bakin titi."

Ya kai su maƙabartar a bayan ƙauyen. Duwatsu ne tsaitsaye ba rubutu, ciyawa ta bushe a tsakaninsu. Ya nuna wani gefe ya ce nan ne, ko na kusa da shi, ba zai rantse ba. Inno ta tsaya daga bakin katanga. Ba ta yi kuka ba. Ta yi addu'a, sannan ta yi ta magana ƙasa-ƙasa, tana faɗin yadda Baba ya rasu a Mina, da yadda Umma ta yi ta wankau a unguwar Ruwais tana cewa baɗi za su koma. Muntaka da matarsa suka matsa nesa suka bar ta.

Da za su tafi tsohon ya ce Bashira ta bar 'ya mace ɗaya, Khadijatu, tana aure a garin Bisha, mijinta yana da gonar dabino.

Suka gangara gabas, suka bar gajimare a baya, suka sake shiga fili mai jan yashi. A Bisha ana ta yankan dabino. Ba su sha wahalar neman gidan ba. Matar da ta buɗe ƙofa doguwa ce, ta kai shekara arba'in, ta leƙo ta bayan labule tana tambayar ko su wane ne. Inno na ganin ta sai ta zauna a kan dakali.

"Goshin Umma ne," ta ce wa Zaituna. "Dubi goshin."

Khadijatu ta shigar da matan ciki, mijinta ya zauna da Muntaka a majalisi, ɗakin baƙi na maza. Ta bayan bango Muntaka yana jin muryar mahaifiyarsa, tana magana tana tsayawa. Can ya ji Khadijatu ta ce, "Bashira?" Ta sake faɗa, tana gwada sunan a bakinta. Sai kuka ya ɓarke, na mata uku a haɗe.

Sun yi kwanaki a gidan. Da lokacin komawa ya yi, don Hamad ya kusa dawowa, Inno ta ce ita ba yanzu ba.

"Inno, maganinki fa? Da likitanki?"

"A nan ma akwai likita. Yarinyar nan ba ta san ko sunan kakanta ba. Ku je, in sanyi ya wuce ka zo ka ɗauke ni."

Mijin Khadijatu ya cika musu mota da dabino har kan gado. Muntaka ya tada injin, Zaituna tana ɗaga hannu ta taga. Inno ba ta fito rakiya ba. Ta ƙofar da aka bari a buɗe suka hango ta zaune a tabarma cikin tsakar gida, Khadijatu ta kwantar da kai a cinyarta, tana tsefe mata gashi.