Rabon Besta

Umma dai ba muguwa ba ce, bakinta ne ba shi da linzami. 'Yar kasuwa ce daga Kano, jakunkuna da takalma take sarowa a kasuwar Naif, can ƙasar Larabawa. Shekarar korona ta zo sari, aka rufe sama, jirgi ya daina tashi, otal ya ce kowa ya kama gabansa. Wa ya ɗauke ta? Louisa, wata 'yar Kafanchan da Hausa ta haɗa su a layin canjin kuɗi. Ta shimfiɗa mata katifa a fulat ɗinta na unguwar Al Muraqqabat, tana tuƙa mata tuwon semo, tana ba ta labarin aurenta da aka sa Disamba, da wani Bernard, ɗan dattijon coci.

To, Louisa tana da wata ɗabi'a. In ta kunna gas, kafin ta ɗora tukunya sai ta tsinci gari da gishiri ta watsa a wutar. Umma ta gani ta kau da kai. Da ta sake gani, bakinta ya fara ƙaiƙayi.

"Ke 'yar nan, wa kike ba?"

"Rabon Vesta ne, Mama," in ji Louisa tana dariya.

"Wace ce Besta? 'Yar garinku ce?"

Ashe gidan abincin da Louisa ke aiki a unguwar Al Rigga na wata tsohuwa ne 'yar Italiya, kuma haka take yi wa tandar burodi kowace safiya, har hannun Louisa ya saba. Wai Rumawan dā suna da allahiyar murhu, ita ce Vesta ɗin. Ba a sa mata gunki a ɗakinta, wutar ita ce ita. 'Yan mata shida ke gadin wutar, shekara talatin ba aure, in kuwa ta mutu a hannun wata, bulala ce. Kowane gida sai an ba ta nata kafin a ci. Ranar bikinta har jakunan niƙa hutu suke samu, a rataya musu burodi a wuya.

"Jaki da sarƙar burodi!" Umma ta yi dariya har da hawaye. "Su kuwa 'yan matan, wa zai kwashe su bayan shekara talatin?"

Labari mai daɗi haka ai ba ya kwana a ciki ɗaya. Umma ta kira ƙawarta Halima Sa'adiya ta zayyana mata, ta ɗan ƙara gishiri, kaɗan fa. Ita ma Halima ta ƙara nata. A hanya jakin ya faɗi, Rumawan ma suka zube. Ranar da aka sassauta kulle, labarin ya isa shagon kargon wani Halliru mai tura kaya gida, kuma abin da ya rage shi ne Louisa na da aljana a murhu, Besta, tana ciyar da ita, ita kuma ta hana ta aure shekara talatin. A wannan shagon kuwa Bernard ke ɗaure kaya.

Da la'asar sai ga shi a ƙofar kicin. Tsautsayi, garin na yatsun Louisa, wuta na ci.

"Ashe gaskiya ne," in ji shi. "Har Kafanchan an kai wa Baba. Ni na rantse masa ƙarya ake miki."

"Bernard, wasa ne fa. Sabon hannu ne."

Umma ta taso zani na kwancewa. "Ɗana, tsaya ka ji! Wallahi labarin jaki ne!"

"Wane jaki, Hajiya?"

Ta fara bayani: wuta, 'yan mata, bulala, burodi. Duk wadda ta faɗa sai ta fi ta baya muni. Bernard ya saurara har ƙarshe, don yana da ladabi, ya ce khalas, wato an gama, ya sa takalminsa.

Louisa ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ne ya fi cin Umma. Ta wanke hannu, ta ɗora tukunya, ta ajiye mata tuwonta a inda ta saba. Sai dai daga ranar Mama ta koma Hajiya.

Umma ta yi iya yinta, a gaya gaskiya. Ta je shagon Halliru ta ƙaryata kanta a gaban maza. Ta nemo lambar dattijon, uban Bernard, ta kira shi, ta rantse da abin da ta yi imani da shi. Tsohon ya gode mata ƙwarai, ya tambayi lafiyar mutanen Kano, sannan ya ce shi a gidansu sun bar zuba wa iskoki tun zamanin kakansa, ba zai sake shigo da abin ta ƙofar suruka ba.

Da aka buɗe sama, Louisa ce ta ɗaukar mata jaka har tashar jirgin ƙasa na metro. Umma ta riƙe hannunta.

"'Yata, ki yafe mini."

"Na yafe. Ga jirginki nan, yalla, maza."

Disamba ta zo ta wuce ba a ɗaura komai ba. Umma na zuwa sari har yanzu, amma otal take kwana, kuma in za ta canji sai ta yi zagaye don kada ta bi ta Muraqqabat.