Abin da Tsohon Cikin Fim Ya Ce

Shekara tara Sebastian yana riƙe da makirfo a gidan kallon Baballe da ke bakin kasuwar garin Lafiya. In aka sa fim ɗin faɗan 'yan Caina, shi ke juya wa jama'a maganarsu zuwa Hausa. Ya ce a wurin masu aikin titi ya koyi yaren. Ƙarya ce tsagwaronta. Ko "zo" bai sani ba.

A shekarar 2004 wata malamar jami'a, Dakta Barira, ta fara zuwa kallon la'asar da 'yar rikoda a cinya. Ran Asabar ta tare shi a bakin ƙofa, ga Baballe zaune yana ɓare gyaɗa.

"Malam Sebastian, saurari wannan."

Ta danna. Muryarsa ce ta ran Litinin, daidai inda wani tsoho mai farin gemu ke nuna yatsa a cikin fim ɗin: "Kai ka sace min akuya!" Ta canza kaset, ran Laraba, wuri ɗaya: "Wa ya ce ka taɓa iyakar gonata a Doma?" Ran Juma'a kuwa tsohon cewa ya yi an tone masa doya.

"Na kai wa wani mai jin yaren," in ji ta. "Tsohon cewa yake shayinsa ya huce."

Shayi! Sebastian ya saci kallon Baballe. Shi ke nan, yau makirfo ya bar hannunsa, gobe 'yan acaɓa su yi ta masa ihu har unguwar Akurba.

"Madam, don Allah ki rufa min asiri," ya ce a hankali.

"Wane asiri? Littafi nake rubutawa a kanka. Ɗalibaina za su yi jarrabawa a kan yadda kake mai da fim ɗin wasu ya zama namu."

"Jarrabawa? A kan ƙaryata?"

Baballe ya fashe da dariya har gyaɗa ta sarƙe shi.

"Oga, ka ji fa abin da ta ce," in ji Sebastian. "Ba na jin yaren."

"Kai, sakarai! Wa ya ce maka kana ji? Yaushe ɗan Caina ya san Doma? Fim ɗaya mutum ya kalla sau huɗu, ka zaci don naushin yake dawowa?"

Shekara tara Sebastian yana fargabar ranar tonon asiri, ashe duk garin sun sani, shi kaɗai aka bari a duhu.

Daga ciki aka fara buga benci. Ya shiga, ya ɗauki makirfo. Tsohon cikin fim ya ɗaga yatsa.

"Ya ce... shayinsa ya huce."

Sai wata murya daga baya: "Ƙarya kake! Ina maganar akuya?"