Tabarma a Ƙarƙashin Kujera

…kuma ita da hannunta ta naɗe tabarmar, abin da ya tsaya masa a rai ke nan. Ga ta ƙarƙashin kujerar bas, tana zungurar dunduniyarsa duk sanda direba ya taka birki. Birki kuwa sai taka shi ake yi. Gada ta cushe kamar kullum, rana ta fara leƙowa ta bayan benaye.

Mai fenti ya ɗora kai a kafaɗarsa yana munshari. Ƙa'idar motar asuba ke nan, kowa da wanda yake tayarwa. Shi tsohon kafinta ya tayar da mai fenti a bakin asibiti, kwandasta ya tayar da shi a layin 'yan katako. Sunan mai fentin ma bai sani ba. Amma ya san tabon bayan kunnensa, ya san ranar da ya yi aski.

Matarsa fa?

Ranar hutu ta fito shanya, rana ta haske mata kai. "Ke, yaushe kika yi furfura haka?" Ta dube shi, ta ci gaba da matse zane. "Sannu da zuwa, baƙo." Ta yi dariya. Dariya ce kuwa?

Tsohon gida… tafiyar ƙafa ce zuwa shago. Yakan dawo cin abincin rana da garin katako a gemu, tana kakkaɓe masa tana mita. Sai haya ta tashi. Suka matsa. Ta sake tashi, suka ƙara matsawa, har inda kwalta ta ƙare. Ɗaki ya yi araha, hanya ta cinye rarar. Ya fita tana barci, ya dawo shi ne mai gyangyaɗi da loma a hannu.

Mai shago, yaron da bai kai ɗansa ba, ya ce akwai fili bayan injin yanka. "Baba, ka riƙa kwana nan, ƙarshen mako ka leƙa gida. Kuɗin mota ya koma cefane." Gaskiya ya faɗa. Ya tsufa yana haɗa wa mutane gado, yanzu zai kwana a ƙasa tsakanin gadajen wasu — wannan ba komai, bayansa ya saba.

Jiya ya gaya mata. So ya yi ta ce a'a. Har faɗa ya shirya, ya tanadi amsoshi. Da asuba sai ga tabarma a bakin ƙofa, an ɗaure da igiyar shanya, bargo a ciki. Mai kaurin. Nata.

In ƙafarta ta kumbura wa zai duba ta? Maƙwabciya. Da ma ita ke dubawa. Sakatar ƙofa fa… tun yaushe take cewa ya gyara sakata. Gidan kafinta, ana tokare ƙofa da bokiti.

Asibiti. Ya zunguri mai fenti. Mutumin ya goge baki, ya hangi tabarma.

"Baba, ƙaura za ka yi? To gobe wa zai tashe ni?"

"Sauka, ka tare hanya."

Ka ji. Wannan zai yi kewarsa tun gobe, sai an wuce da shi tasha. Ita kuwa, in bai koma yau ba, me zai ragu a yininta? Ya lalubo safiya, babu shi a ciki. Rana, babu. Yamma…

Kwandasta na buga jikin mota. "'Yan katako. Baba, yau idonka biyu?"

Ya sunkuya, yatsunsa suka sami igiyar. Ƙullin ya yi tauri, irin wanda take yi in ba ta son abu ya kwance. Ko in ba ta son a ɗauka? Bai taɓa tambaya ba.

"Baba, ana jira…"